Punhal Mai Kiran Bulan

A duk layinmu na bakin kogi a garin Sukkur, babu wanda ya kai Punhal mai faci baki. Aikin hannunsa kam a bar shi kawai: in ya yi maka facin taya da safe, to ka shirya komawa gida a ƙafa da la'asar. Amma da zarar ya buɗe baki, shi ne ya taɓa tallafe babbar mota da kafaɗa har aka canza mata taya, shi ne kada ya hango a bakin ruwa ya juya da gudu. Shagona na aski yana manne da rumfarsa, teburin shayin Kawu Sumar kuma yana fuskantarmu, saboda haka ƙaryar da ta kuɓuce wa kunnena na dama, na hagu ya tare ta.

Wata safiya ta lokacin sanyi muna zaune kan benci muna kurɓar shayi, sai ga Turawa biyu, mace da namiji. Kowannensu ya goya jakar da ta fi shi tsawo, da tabarma a naɗe a sama, da kofi yana reto a gefe.

Kawu Sumar ya dube su ya ce, "Waɗannan kuma gobara ce ta koro su, ko ƙaura suke yi?"

Matar ta yi sallama da harshen Urdu irin na tsintuwa a hanya, kalma a nan, kalma a can, amma ana ganewa. Ta ce sunanta Inga, dogon da ke bayanta mijinta ne, Tobiyas. Daga ƙasar Nowe suke, sun bar gida tun kafin damina, sun hau jirgi, sun hau bas, sun kwana a tasha, duk don su ga bulan da idonsu. Ranar Juma'a da yamma jirgin ƙasan da za su hau zai tashi.

Bulan dai kowa a nan ya san ta. Dabbar kogin nan ce, makauniya, mai siririn dogon baki da jiki sumul, wadda Turawa ke ce wa dolfin. Takan leƙo ta shaƙi iska ta nutse kafin ka taɓa na kusa da kai ka ce duba. Ba ta da yawa, kuma akwai wanda ya tsufa a bakin ruwan nan bai taɓa yi mata kallon ƙoshi ba.

Kawu Sumar ya ɗaga hannu zai nuna musu wajen masu jirage, sai Punhal ya miƙe ya tare gabansa.

"Hajiya, Allah ya yi da ke. Kin faɗo hannun mai abin. Ni ne mai kiran bulan."

"Kana kiransu?" in ji Inga.

"Da sunayensu. Kakana bulan ce ta shayar da shi. Mu da su 'yan uwa ne na nono."

Kawu Sumar ya ce, "Kakanka na san shi, akuya ce ta shayar da shi, ita ma sai da aka ɗaure ta."

"Kawu, ka ji da tukunyarka."

"Kai da ko alwala kake yi sai ka riƙe bango? Ranar da aka yi ambaliya wa aka sauko da shi daga kan itacen dabino yana kiran uwarsa?"

"Leƙen ruwan nake yi daga sama, in gaya muku inda ya nufa."

Duk wannan da Sindi, harshenmu na gida, aka yi shi, Inga ba ta ji ba. Ta ga dai mutane suna dariya, ta ɗauka murna ake taya Punhal. Ta miƙa masa hannu, suka ƙulla.

Matsalar ita ce Punhal ba shi da jirgi, kuma bai iya ruwa ba ko na tsallake kwata. Amma ƙanin matarsa, Arbab, masunci ne, yana da kwalekwale, kuma ya haye Rohri, garin da ke tsallaken kogi, wajen biki. Punhal ya shiga gida ya ɗauko filafilin da Arbab ya bari a bayan ƙofa. Matarsa Nuran tana tankaɗe, ta ɗago kai.

"Baban Rashida, ina za ka da filafilin mutane?"

"Harkar ƙasa da ƙasa ce, ba ta mata ba."

"To harkar ƙasa da ƙasa, in ka nutse kada ka dawo mini da jiƙaƙƙen wando."

Rabin layin ya bi su bakin ruwa. Ni ma na bar wani da kumfa a fuska na tafi. Punhal ya shiga kwalekwalen da ƙafar dama yana bismillah da ƙarfi, ya zaunar da baƙi, ya kafa filafili. Kwalekwalen ya juya ya fuskance mu. Ya sake kafawa, ya sake juyowa. Sai da suka gaishe mu sau da yawa kafin ruwa ya gaji ya ja su da kansa.

Kawu Sumar ya ɗaga murya yana masa kiran girmamawa irin na manyan garin nan, "Sayin Punhal, masussuka kake yi?"

"Zagayen gaisuwa ne! Sai an yi shi suke fitowa!"

Da suka ɗan yi nisa, ya zaro hon ɗin babur daga aljihu, irin mai roba da ake matsawa, ya tsoma bakinsa cikin ruwa ya hau matsawa. Shiru. Ya sake. Can sai ruwan gefen kwalekwalen ya motsa, wani abu baƙi ƙirin ya taso yana huci. Tobiyas ya ɗaga kyamara. Inga ta dafe ƙirji.

Punhal ya yi ihu, "Ga ta nan! Ban faɗa muku ba? Zo nan, 'yar uwa!"

Abin ya ƙara ɗagowa, sai ga kunnuwa, sai ga ƙaho biyu a lanƙwashe.

Inga ta ce, "Tana da ƙaho."

"Namijin ne. Ba kowa yake gani ba. Ku kun zo da sa'a."

Namijin bulan ya buɗe baki ya yi kukan da duk Sukkur ta san shi. Ɓaunar Goggo Bagan ce mai nono, irin wadda ake kiwo a nan kamar saniya, ta shiga ruwa shan sanyi kamar kullum. Ta miƙo wuya ta cafke hular kabar da ke kan Inga ta hau tauna. Punhal ya ɗaga filafili zai buge ta, ta kawar da kai, filafilin ya suɓuce ya bi ruwa. Ɓaunar ta ga an yi mata rashin kunya, ta sa kafaɗa ta ture kwalekwalen har kan wani tudun laka, ta bar su nan ta yi gaba da hular.

Goggo Bagan tana tsaye a gaɓa da sanda. "Punhal! In nononta ya ɗauke yau, kai zan tatsa!"

Haka suka fito a ƙafa, laka har cinya. Tobiyas ya ɗaga kyamara sama kamar mai ɗauke da jariri, takalminsa ɗaya ya zauna a lakar har abada. Punhal na gaba yana bayani.

"Laifin hular ne. Bulan ba ta son kaba. Da an tambaye ni tun farko."

Washegari ya ce ya gano inda aka kuskure: an je musu hannu rabbana. Babban baƙo ba a kiransa da hon kawai, sai da abinci. A ranar kuwa Nuran ta dafa shinkafar biriyani cike da babbar tukunya, don surukan 'yarsu Rashida za su zo gaisuwa. Tana shiga wanka, Punhal ya naɗe tukunyar da mayafi ya fice da ita.

Ya tsayar da Inga da Tobiyas a kan matakalar da ke gangarawa ruwa, ya hau watsa shinkafa da ludayi yana kirari. Bulan ba ta zo ba. Hankaki ne suka fara zuwa, sai shirwa, sai karnukan mahauta. Wata shirwa ta kawo sura ta ɗauke cinyar kaza daga cikin ludayin, ta haɗa da hular Punhal. Ya ja da baya, ya taka jelar kare, karen ya yi tsalle ya shiga tsakanin ƙafafunsa, tukunyar ta kuɓuce ta gangara matakala tana ƙara kamar gangar biki, ta faɗa ruwa ta nutse.

Ya share gumi ya ce, "Sun karɓa. Kun ga har tukunyar suka ja. Gobe za su zo godiya."

Inga ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan matakala ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago, idonta ya yi ja. Ta ce tun tana yarinya take son ganin dabbar nan, ta sayar da motarta don wannan tafiya, kuma ba ta jin za ta sake zuwa. Ta ce, "Sayin, in ba ka iya ba, ka faɗa mini. Ba zan yi fushi ba. Zan nemi wani."

Wani mai hankali da nan zai sauka. Punhal ya bugi ƙirji.

"Gobe Juma'a, kafin jirginku ya tashi, za ki ga bulan kusa da ke kamar yadda kike ganina. In ba haka ba, ba Punhal nake ba."

A gida kuwa surukai sun ci gurasa da albasa. Muryar Nuran har shagona.

"Ina tukunyata?"

"Tana wajen manya."

"Waɗanne manya?"

"Na cikin ruwa."

Abin da ya biyo baya ƙarar muciya ce da ƙarar ƙofa, sai ga Punhal ya fito yana gyara riga, ya ce mana iska yake sha.

A yammacin nan Arbab ya dawo daga biki. Ya tarar da kwalekwalensa a kife kan laka, filafili ya tafi teku. Ya nufo rumfar faci ransa a ɓace. Muna jiran mu ji faɗa, sai muka ji shiru. Punhal ya ja shi ciki ya saki labule. Can sai Arbab ya fito yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Daga baya ne muka ji abin da aka ƙulla.

Dabarar Punhal ita ce: tunda bulan ta ƙi zuwa, shi zai zama bulan. Yana da tif na babbar mota, yana da almakashi, yana da sholisho. Ya yanka roba ya haɗa riga tun daga kai har ƙafa. Ƙafafu biyu a cikin tif ɗaya, da jela a ƙarshe. Hannaye a ciki, a manne da jiki, silifa biyu a waje a matsayin fukafukai. Baki kuwa tiyon mota ne, ya huda ƙananan ramuka biyu na gani. Don kada abin ya zama bebe, ya ciro 'yar busar da ke cikin hon ɗin babur ya cusa a bakin tiyon, yadda duk numfashin da ya fitar zai yi ƙara. Ba kogi zai shiga ba, Allah ya kiyaye. Ƙoramar ban-ruwa da ke bayan masallaci zai shiga, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Aikin Arbab shi ne ya liƙe masa bayan rigar, ya gangara da shi cikin ciyawa, sannan ya kawo baƙi kan gada.

"Ɗan kaɗan za ka shafa," in ji Punhal, "yadda zan ɓalle in an gama."

"Kada ka damu, Yaya," in ji Arbab. Ya juye gwangwanin gaba ɗaya.

Ranar Juma'a, ana cikin huɗuba, Arbab ya kawo Inga da Tobiyas kan gadar ƙorama da jakunkunansu a goye, don daga nan sai tasha. Ya ce musu Punhal yana wani wuri a ɓoye yana kira, irin kiran da ba a yi a gaban mutane.

Ruwan ƙoramar ja ne, ba a ganin komai a ciki. Can nesa, kusa da ciyawa, wani dogon baki ya leƙo, baƙin gadon baya ya biyo, aka ji "fiiit!", abin ya nutse.

Inga ta riƙe hannun mijinta. Abin ya sake tasowa. "Fiiit!" Hawaye suka zubo mata. Tobiyas yana ta danna kyamara. Da a nan aka tsaya, da Punhal ya ci nasara, da har yau ba mu huta ba.

Amma Inga ta karanta littattafai. Ta share hawaye, ta dubi ƙoramar sama da ƙasa, fuskarta ta canza.

"Wannan ba kogi ba ne. Ta ɓata hanya! In aka rufe ƙofar ruwa, ƙoramar za ta ƙafe, za ta mutu!" Ta juyo wajen Arbab. "Dole a mayar da ita kogi. Yanzu!"

Arbab ya dube ta, ya dubi ruwa, ya tuna filafilinsa. Ya cika ƙirji da iska.

"Jama'a! Bulan ta maƙale a ƙorama! A kawo agaji!"

Daidai lokacin aka sallame salla. Masallaci guda ya juye kan gada, ni ma ina ciki. Kowa ya san bulan takan ɓata ta shiga ƙorama, kuma kowa ya san ceton ta lada ne. Wani ya buga waya wajen ma'aikatan da ke kula da su, aka ce suna hanya. Masunta ba su jira ba, suka kwaɓe riguna suka faɗa ruwa da taru.

Punhal ya hango su ta 'yan ramukan idonsa. Ya yi niyyar gudu, ya tuna ƙafarsa ɗaya ce. Ya hau tsalle cikin ruwa kamar kwaɗo a buhu. Ya buɗe baki ya ce ku tsaya, ni ne.

"Fiiit! Fiiit! Fiiiiit!"

Wani dattijo ya ce, "Allah sarki, kuka take yi. Uwarta take nema."

Suka zagaye shi da taru suka jawo. Tun kafin a fito da shi gaɓa, Inga tana ihu daga kan gada cewa a rufe ta da jiƙaƙƙen zane kada rana ta ƙona mata fata, a rufe mata kai kada ta firgita. Nan take rawuna da mayafan ajrak da mazan nan ke yafawa suka sauka, aka tsoma a ruwa aka lulluɓe Punhal tun daga baki har jela. Aka ciro gadon igiya daga wani gida aka ɗora shi. Inga ta yi ta kutsawa ta matso, taron bai bar ta ba.

Masu ɗauka suka ce, "Kai, wannan ta ƙoshi."

"Ciki gare ta," in ji Arbab.

Na samu na matsa kusa da gadon. Wani wari ya bugi hancina, warin sholishon da nake shaƙa kullum ta bangon shagona. Na dubi Kawu Sumar. Shi ma ya ɗaga hanci yana shinshina. Ya ɗaga gefen mayafi, sai ga bawul na taya a tsaye a gadon bayan bulan. Ya mayar da mayafin a hankali ya gyara shi.

Na raɗa masa, "Kawu, ai wannan..."

"Yi shiru, ɗana. Lada muke nema." Ya ɗauki bokiti ya sheƙa wa bulan ruwan sanyi a ka. "Ku ƙara mata, jama'a, kada ta bushe!"

Aka ɗauki hanyar kogi. Mata suna leƙowa ta taga suna watsa ruwa, wata har da na wanke-wanke. Makaɗan da ke dawowa daga bikin Rohri suka ci karo da mu, suka juya suka bi mu da ganga. Wata tsohuwa ta kutsa ta shafi jelar ta shafa a gwiwarta mai ciwo. Wani ya ce yunwa take ji, ya tura ɗanyen ƙaramin kifi cikin tiyon. Bulan ta yi wata irin girgiza har gadon ya kusa kifewa.

"Ta ji daɗi," in ji Kawu Sumar. "A ƙara mata."

Ni da Kawu da Arbab duk mun ɗauka a bakin matakala za a tsaya, a buɗe shi, a yi dariya, a watse. Amma taro in ya ɗauki zafi ba ya jin kira. Masunta suka ce bakin matakala ba zurfi, za ta sake maƙalewa. Suka nufi kan dutsen da ke gaba, inda ruwa yake baƙi, yake juyawa, inda ko su ba sa wanka.

Murmushin Arbab ya ɗauke. Ya sha gabansu. "Ku dakata! Ku jira ma'aikata!"

"Kai da ka tara mu? Matsa, za ta mutu!"

Kawu Sumar ya jefar da bokiti. "Kai, ku saurara, mutum ne!"

Ganga ta cinye muryarsa. Na kama ƙafar gadon, aka ture ni na zauna a laka. Suka hau dutsen, suka fara lilo da gadon. Liman yana addu'a, jama'a suna amin.

Punhal ya leƙa ta ƙasan mayafi ya ga baƙin ruwa a ƙarƙashinsa. Ya tattara duk iskar da Allah ya ba shi ya kurma ihu. 'Yar busar ta fice daga tiyon kamar harsashi, kifin na biye da ita, ta bugi Liman a goshi. Sai murya ta fito, ƙatuwa, ta cikin tiyo:

"Nuraaan! Ban iya ruwa ba! Wayyo Nuran!"

Makaɗa suka yar da ganga. Masu ɗauka suka saki gadon a kan dutsen suka watse, wani ya faɗa ruwan da kansa. Tsohuwar mai gwiwa ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Liman ya dafe goshi yana ja da baya yana neman tsari.

Mutum ɗaya ce ta nufi gadon. Nuran ta biyo taron ne da tulunta don ita ma ta samu lada. Ta ajiye tulun, ta yaye mayafan ɗaya bayan ɗaya. Ga roba, ga faci, ga bawul. Idonta ya tsaya kan fukafukan.

"Silifana ne waɗannan."

"Nuran, ki cire ni," in ji tiyon.

Ta kama tiyon da hannu biyu, ta taka gadon da ƙafa, ta fizga. Kan bulan ya ɓalle da wata ƙara kamar an yage buhu, ya tafi da gashin baki na ɓangaren hagu da rabin gira. Sai ga fuskar Punhal, ja wur, da ɓawon kifi a leɓe.

Sai dariya ta fashe tun daga kan dutse har bakin titi. Waɗanda suka gudu suka dawo don su yi tasu. Masunta suka zo karɓar rawunansu suna zagi.

Punhal ya tofar da ɓawon kifi ya ce, "Gwaji ne. Gwada ku nake yi in ga ko kun iya ceto. Kun yi ƙoƙari, amma kun cika gaggawa."

Kawu Sumar ya ce, "Sayin, da ka bari mun ƙarasa, ai da ka gaisa da dangin kakanka."

Liman ya ce, "Ka bar sallar Juma'a don ka zama kifi?"

"Matafiyi ne ni, Malam. A ruwa nake."

Goggo Bagan ta ce, "A bar shi a cikin robar. Ya fi kyau a haka."

Ana cikin haka motar ma'aikata ta iso, da katifa da tankin ruwa a baya. Babbansu ya sauko da sauri yana tambaya ina bulan ɗin.

Nuran ta nuna gadon. "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ku tafi da ita. Ku sake ta can ƙasa da madatsar ruwa, inda ba ta iya dawowa."

Mutumin ya duba, ya zagaya gadon, ya taɓa bawul ɗin da yatsa. Ya koma motarsa, muna ganin kafaɗunsa suna rawa saboda dariya.

Sai a lokacin taron ya buɗa wa Inga hanya. Ta zo ta tsaya kan Punhal. Dariyar ta lafa. Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma ya rasa inda zai sa ido, ga hannu a liƙe ba halin rufe fuska.

Ta ce, "Na yi kuka dominka."

"Hajiya, ai kin ga..."

"Sau biyu. Na farko don murna, na biyu don tsoro kada ka mutu."

Punhal ya kawar da kai. Tobiyas, wanda ba mu taɓa jin muryarsa ba, ya durƙusa ya ɗauki hotonsa ɗaya, ya miƙe, ya taɓa agogo. Suka gyara goyon jakunkunansu suka juya suka nufi titi. Jama'a ma suka juya, kowa yana ba na kusa da shi labarin abin da shi ma ya gani. Nuran ta ce in je in kawo aska da kananzir a ɓare shi. Na juya ni ma.

Punhal kaɗai aka bari yana fuskantar kogi, a kwance a gefe ɗaya kamar yadda aka yar da shi. Ban yi nisa ba na ji ya ƙwala ihu, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ga ta! Ga ta can! Wallahi ga ta, har da ɗanta! Hajiya! Ki juyo! Wallahi tallahi ta gaske ce!"

Inga tana gabana kaɗan. Na ga ta tsaya cak. Kofin da ke rataye a jakarta yana ta reto. Kafaɗunta suka ɗaga, suka sauka. Sannan ta ci gaba da tafiya.

"Kawu! Arbab! Nuran, ki duba! Ku duba mana, don Allah!"

Kawu Sumar ya ce, "To, Sayin, ka gaishe ta." Bai waiwaya ba. Arbab bai waiwaya ba. Nuran tana ɗaure bakin zane, ko kai ba ta ɗaga ba.

A bayana na ji wani ɗan huci a kan ruwa, gajere, irin na wanda ya daɗe a nutse ya samu iska. Na ce a raina, ai ɓaunar Goggo Bagan ce. Na tafi ɗauko aska.